Ranar Da Maigidana Ya Riƙe Taɓarya

Maigidana bai iya wa'azi ba. Ba cin fuskarsa nake yi ba, shi ma ya sani, ikilisiya ma ta sani. Sau ɗaya aka taɓa ba shi dama a makon bishara. Ya hau bagadi da sabuwar kwat, ya karanta aya, ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi, sai ya ce, "To, kun dai ji," ya sauko ya zauna. Mu matan zumunta mun yi wata guda muna dariyar wannan wa'azi, ni ce ma kan gaba.

Sai ya nemi tasa hanyar. Muna da injin niƙa da markaɗe a ƙofar gida, can bayan gari ta hanyar dam ɗin Tagwai, tsohon inji mai shan dizal wanda sai an wana shi da hannu yake tashi. Daga Litinin zuwa Asabar ba ya hutawa: masara, dawa, wake, tumatir, jiƙaƙƙiyar shinkafa. Ran Lahadi kuwa maigidana yakan datse ƙofar shagon da wani ƙaton kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu, ya tafi sujada. Idan na yi ƙorafi cewa ran Lahadi ne ma'aikata ke gida suna son alale, sai ya ce, "Ke kina da baki, ki yi shaida da baki. Ni wannan ce tawa." Duk unguwar ta san haka. Ko jajibirin Sallah ya faɗo ran Lahadi, tun Asabar mata ke yin layi, ba mai zuwa ya buga mana ƙofa. Ina mita, amma a raina ina alfahari da shi.

Ni kuwa a lokacin ina ganin ni ce mai bisharar gidan. Ni ce mai ba da waƙa a zumunta, ni ce mai shiga gida-gida gaisuwa, duk wanda ya yi atishawa a unguwar sai na yi masa addu'a. Shi kuma ina yi masa kallon mai kwaɗo kawai.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Nna mai masa. Banufiya ce daga Bida, kowa Nna yake ce mata, yadda Nufawa ke kiran uwa. Mijinta ɗan kasuwar atamfa ne, ya rasu 'yarsu ɗaya tilo tana firamare, kuma da tanda Nna ta raini yarinyar har ta gama makaranta. Kullum da yamma takan kawo mana shinkafarta a markaɗa, ƙullun ya kwana ya tashi, da asuba ƙamshi ya tsallako katanga ya hana yarana barci. Ran Lahadi sai ta ɗauki bokitinta ta haye kwalbati zuwa wani inji mai aiki da wutar lantarki a ɗaya gefen rafi. Shekara da shekaru tana wannan tafiya, ba ta taɓa cewa uffan ba.

Yarinyar ta yi aure a Bida, a wani gida na masu hali. Mijin yana son ta, danginsa ne dai ba su so ba. Na je bikin, kuma da kunnena na ji wata daga cikinsu tana cewa 'yar mai masa ce aka kawo musu. Ba don Nna ta taka mini ƙafa ba, da ranar Bida ta ji Hausar Gbagyi. Da haihuwar fari ta zo, yarinyar ta dawo gida wanka, ta haifi namiji ran Litinin, suna ke nan Litinin mai zuwa. Uwar mijin ta aiko cewa za su zo da mota cike da mata, ta kuma ƙara da cewa tun da gidan masa ne, ba sai an wahala da wani girki ba, za su zo su ɗanɗana su ji ko abin da ake faɗa gaskiya ne. Kowa ya san wannan ba yabo ba ne. Nna ta nemo shinkafa mai kyau, ta jiƙa ta ran Asabar a manyan bahuna, ta yi shirin hayewa da ita washegari a keke.

Sai ruwa ya ce bai san zancen ba. Tsakiyar damina ce, aka kwana ana tsugawa, gari ya waye kwalbati ta nutse, rafin nan da yara ke tsallakewa da ƙafa ya zama abin tsoro. Ba keke, ba mashin. Ko da an haye ma, iska ta kayar da turken wuta, injin can ya mutu. Mun san halin rafinmu, yini ɗaya yake fushinsa ya janye, wato baƙi za su sami hanya ran Litinin. Shinkafa ce ba za ta sami hanya ran Lahadi ba.

Mun dawo daga sujada ke nan, ina kwance ɗankwali, sai na ji sallamar Nna a tsakar gida.

"Maman yara, ki ara mini turmi da taɓarya."

"Me za ki daka da ranar nan?"

Ta dubi ƙasa. "Shinkafan suna."

"Dukanta? A turmi?"

"Zan fara dai. Abin da Allah ya sa na samu."

Na juya na dubi shagon inji, ita ma ta ga inda nake kallo. Ta kama hannuna da sauri.

"A'a. Yau ranan shi ne. Kar ki faɗa mishi komai. Ni ba zan sa mutum ya saɓa ma Allah saboda masa ba."

Na ce to. Tana fita na shiga ɗaki na faɗa masa komai, don ni ban taɓa alkawarin riƙe irin wannan magana ba. Yana zaune da kwat ɗinsa yana cin doya da manja. Ya saurare ni har na gama, ya ajiye doyar.

"In na buɗe yau," ya ce, "me na yi ta faɗa wa mutane duk shekarun nan?"

"Kai ka taɓa faɗa musu wani abu? Kwaɗo ne ke magana."

"To kwaɗon bai yi ƙarya ba. Kada ya fara yau."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na faɗa masa abin da za a yi wa yarinyar nan a Bida in aka zo gidan mai masa ba masa, na ce har jikokinta sai an goranta musu. Na tuna masa cewa a tsakar gidan nan ta koyi tafiya. Ya juya yana kallon bango, har na ɗauka ya rufe maganar. Can sai ya miƙe ya cire kwat, ya rataye ta a ƙusa, ya naɗe hannun riga.

"Inji ba zai tashi ba," ya ce. "Amma shinkafar nan ba za ta lalace ba."

Kafin na gane abin da yake nufi, ya sunkuci turminmu ya ɗora a kafaɗa, yadda mu Gbagyi muke ɗaukar kaya, ya nufi gidan Nna da takalmin coci a ƙafarsa. Na kwashi taɓare na bi shi ina magana, ba ya ko waiwaye.

Mutumin nan tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa daka ko barkono ba. Bugun farko da ya kai, rabin shinkafar ya yi tsalle ya bar turmin. Kajin Nna suka taho da gudu, ranar sun yi nasu sunan tun kafin a raɗa. Nna ta rasa inda za ta sa kanta, tana ta cewa, "Baba, don Allah ka bari, wannan ba aikin maza ba ne," shi kuma yana ta kirɓawa, fuska a ɗaure kamar mai karɓar baiko. Na nuna masa yadda ake sassauta hannu a bar taɓarya ta sauka da nauyinta. Ya ce ya gane. Bai gane ba.

Na ga mu uku ba za mu kai ko'ina ba, sai na aika wa shugabar zumunta. Da ma ranar muna da taro da rana. Maimakon su nufi coci, sai ga su sun shigo gidan Nna cikin zanenmu iri ɗaya, kowace da turmi ko taɓarya ko rariya. Matan Musulmi na layinmu suka ji ƙarar daka ta yi yawa, suka leƙo, suka ga maigidana, dattijon coci guda, yana gumi a kan turmi, ba wadda ta iya komawa gida. Wasu dariya ta zaunar da su, wasu suka ɗaura ɗamara suka karɓi taɓarya. Nan da nan tsakar gidan ta cika, aka shiga lugude, ana cilla taɓarya sama ana tafawa. Shugabarmu ta ɗauko waƙar yabo, muka amsa. Da muka sauke, wata tsohuwa Bahaushiya ta ɗauko tata waƙar dakan ta zamanin 'yanmatancinta, muka amsa mata ita ma, ko da yake rabin baitocin ba su dace da zanen zumunta ba. Shugabar ta raɗa mini cewa yau mun yi bishara ta gaske. Na ce ta bari mu ga gari tukuna.

Garin ne kuwa bai zo ba. Shinkafar ta sha ruwa, ga hadari ya hana rana fitowa balle a shanya ta ta tsane. Ana dakawa tana cuɗewa, a zuba a rariya ta toshe. Iyayenmu da suka yi masa da turmi sun san ranar da suke zaɓa, mu kuwa inji ya lalata mu. Da aka kira la'asar, matan Musulmi suka je suka yi salla suka dawo, na duba abin da muka tankaɗe, ko baho ɗaya bai cika ba. Sauran na nan jere a gindin bango suna kallonmu. Waƙa ta mutu. Tafin hannuna ya yi ruwa, na maigidana kuwa ya riga ya fashe, jini-jini a jikin taɓarya. Ƙullu kuma dole ya kwana kafin ya tashi, in ba a haɗa shi da yamman nan ba, an gama.

Na matsa kusa da shi na ce, "Baban yara, ka duba da kyau. Matan coci sun jiƙe da gumi, dattijon coci ya fasa hannu. Yau a unguwar nan injinka ne kaɗai ya kiyaye ranar hutu."

Matan da ke kusa suka ƙyalƙyale. Shi bai yi dariya ba, bai kuma daina daka ba. Taurin kan mutumin nan, in ya kafe, sai dai ka gaji ka bar shi.

Abin da bakina ya kasa, wata ce ta yi shi ba da niyya ba. Maijegon tana ɗaki tun da muka fara, an hana ta fitowa. Sai ga ta ta fito a hankali, tana dafa bango, ta nufi uwarta. Nna tana da hawan jini, kuma na lura tun ɗazu taɓarya ke kauce mata. Yarinyar ta kama taɓaryar.

"Nna, kawo."

"Koma ɗaki. Jikin ki ɗanye ne."

"To ki bari haka nan. Ki sallami mutane, sun gaji." Ta faɗe shi a hankali, ba kuka, ba komai. "In sun zo sun yi dariya, ni za su yi wa. Na riga na saba."

Uwa na ja, 'ya na ja. Na ji turmin maigidana ya yi shiru a bayana. Da na waiwaya, ya jingine taɓaryar a bango, yana kallon yarinyar. Sai ya juya ya fita.

Na ɗauka fushi ya yi da maganata. Ina shirin bin sa sai muka ji ƙarar ƙofar kwano ta tsallako katanga. Sannan muka ji ana wana inji. Ya yi tari ya mutu. Da wane hannu ma zai wana shi? Aka sake wanawa, ya sake mutuwa. Can sai ya kama, tuk, tuk, tuk, hayaƙi ya taso ta saman katanga. Sautin da muke ji kullum har ba ma jin sa, ranar sai da tsigar jikina ta tashi. Nna ta ɗora hannu biyu a ka ta ce, "Wayyo, na sa shi." Na ce mata ba ita ta sa shi ba, ta kama baho mu tafi.

Aikin da ya ci mu yini, kafin a kira magariba inji ya gama shi, har da wanda muka daka ya haɗa ya sake bi ta kai don ya yi laushi ɗaya. Maigidana yana tsaye yana tura shinkafa da bayan hannu, ni ina zuba ruwa, bai dubi kowa ba. Wata maƙwabciya ta ji inji ya tashi, ta leƙo da kwanon wake, ta ga fuskarsa, ta juya da abinta. Yana gamawa ya kashe, ya wanke, ya rufe.

Da muka koma gida na zaunar da shi ina shafa masa man kaɗanya a tafin hannu, ina ɗaurewa da tsumma mai tsabta.

"Na karya," ya ce.

"Ka karya."

"Me zan ce wa Fasto?"

"Abin da ya faru. In ka kasa, ni zan faɗa, har da na kaji."

Ya ɗan murmusa, amma idonsa ya yi ja. Abin ya yi masa ciwo da gaske, ba wasa ba ne a wurinsa, don abu ɗaya ke nan da yake ganin yana da shi da zai miƙa wa Ubangiji a gaban mutane, kuma da hannunsa ya sauke shi. Ban taɓa son mutumin nan kamar wannan yammacin ba. Ban dai faɗa masa ba, kada kansa ya yi girma. Fasto kuwa, da ya ji labari daga baya, tambaya ɗaya ya yi masa: me ya sa sai da ya wahalar da matan ikilisiya tukuna? In kuma akwai mai jiran in ce wani ya sauya addini a ƙarshen labarin nan, ya daina jira. Nna tana nan da carbinta, mu muna nan da cocinmu.

Washegari rafi ya janye kamar ba shi ya yi ɓarna ba. Da sassafe na shiga gidan Nna na tarar ƙullu ya tashi har yana ture murfi. Muka jera tanda, ita tana zubawa ina juyawa da hannuna mai ciwo, miyar taushe na tafasa a gefe. Hantsi na yi motar Bida ta iso. Suka shigo da leshi da gwala-gwalai, suna ɗage zane saboda taɓo, uwar mijin a gaba, doguwar mace mai gilashi. Aka shimfiɗa musu tabarmi, aka kawo jariri suka gani, aka kawo masa. Ina bakin madafi ina leƙe. Uwar mijin ta gutsura, ta tsoma a miya, ta kai baki. Ta daɗe tana taunawa. Sai ta miƙa hannu ta ɗauki ta biyu, sannan ta uku, can na ji tana ce wa wata a tabbatar an ƙulle musu ta hanya.

Na ce shi ke nan, mun tsira. Ashe da sauranta. Ta wanke hannu, ta dubi tsakar gidan daga wannan bango zuwa wancan, ta ce da murya mai daɗi, irin wadda ta fi zagi ciwo, "Ikon Allah. Gidan ba namiji ko ɗaya da za a gaisa da shi? Yarinyar ba ta da kowa ne ta wajen uba?"

Maijegon ta sunkuyar da kai. Ni har na ajiye cokalin juyi, na fara tattaro Hausata. Nna ta riga ni.

"Akwai," ta ce. "Maman yara, kira shi."

Na same shi a shago yana fama da bel ɗin inji da hannu a naɗe. Ya ce shi ina shi ina shiga taron mata, ga shi duk warin dizal. Na ce ya wuce kawai. Ya shigo yana raɓe-raɓe da tsohuwar rigar aiki, ya tsaya daga bakin zaure. Nna ta ɗauki jaririn daga cinyar wata baƙuwa, ta ratsa tabarmin nan duka, ta ɗora masa shi. Da yake tafin hannunsa ba ya riƙe komai, sai ya tare yaron da damatsa ya manna shi a ƙirji.

"Ga kakan shi," in ji Nna.

Wata daga cikin baƙin ta raɗa wa uwar mijin wani abu, na kuma san ko mene ne. Nna ma ta sani, don ba ta bari raɗar ta sauka ba.

"E, Kirista ne. Dattijo ne a cocin su. Shi ne baban yarinyan nan."

Uwar mijin ta dube shi ta saman gilashi. Ta dubi tsumman da ke hannunsa, inda jini ya ɗan ɓullo. Ban san me ta gani ba, ban kuma san me aka riga aka faɗa mata a hanya ba. Ta gyara mayafinta, ta ɗan rusuna daga zaune, ta ce, "Barka da arziki, Baba. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau," ya ce. "Sannunku da hanya."

Maijegon ta tashi ba wanda ya aike ta. Ta zo madafi ta zaɓi masa masu zafi daga tandata, ta zuba miya, ta ɗauka da hannu biyu. Ta wuce ta gaban dangin mijinta kanta a ɗage, ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ga abinci."

"Ajiye nan, 'yata," ya ce. "Bari in gama da wannan mutumin tukuna."

Na juya na koma kan tanda. Masa na ƙonewa, kuma ban so mutanen Bida su ga hawayena ba.